Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗan Hajiya a Sararin Sama

Makon jiya na tsaya a inda muka buɗe shago na biyu a kasuwar Wuse. Daga nan na so in ɗora, sai ga Dogo ya turo min wani tsohon bidiyo jiya da daddare, maganar Baffa ta dawo min sabuwa fil. Ku yi haƙuri, zan tsallake shekara shida.

Kun dai san Baffa. Tun ina ɗan shekara tara, ranar da yaran Anguwar Rogo suka ɗare mangwaron bayan gidanmu ni kuma na tsaya a ƙasa ina tsinta, ya samu abin faɗa: "Ɗan Hajiya, ko katanga ba ya iya hawa." A gaban baƙi yake faɗa. Ranar ɗaurin aurena ma bai ƙyale ni ba.

Sarin waya ya kai mu Dubai, ni da Dogo da Alhaji Ƙarami. Muna cin abinci a Deira Dogo ya ce ya kama mana wuri, gobe za mu diro daga jirgin sama da laima. Na ɗauka zolaya ce. Kuɗin kam kada ku tambaya, da Maman Abba ta ji sai da ta kwana biyu tana gaishe ni ciki-ciki.

Kafin komai sikeli ake ɗora mutum, namijin da ya haura kilo 100 ba ya hawa. Alhaji Ƙarami, da suna ne kawai ƙarami, nan aka ce ya koma benci. Wallahi na ga murna a idonsa, ko da yake har gobe rantsuwa yake wai haushi ya ji. Mu kuma aka miƙo mana takardar da ke cewa da yardarmu muka zo. Ina sa hannu ina Ayatul Kursiyyu.

Sabon shiga ba ya dirowa shi kaɗai. Da ƙwararre ake haɗa ka, bayanka a ƙirjinsa, ƙugiya huɗu ta riƙe ku. Laima biyu ce a jakarsa, babba da ta ko-ta-kwana, ga wata 'yar na'ura da ke buɗe ta biyun da kanta in an kusa ƙasa ana ta gudu. Duk ya yi min bayani, ni dai kai kawai nake gyaɗawa.

Jirgin ya kai mu ƙafa 13,000, kusan mita 4,000. Duwatsun Shere da muke hange muna yara kamar sun tokare sama, ko mita 2,000 ba su kai ba. Da aka zuge ƙofa iska ta shigo, sanyin Jos na watan Janairu wasa ne. Dogo ya fara fita, na ga ya ɓace kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Abin da ya faɗo min a ran nan ba Maman Abba ba ce, ba yara ba. Muryar Baffa ce: ko katanga.

Kusan minti ɗaya muna gangarowa da gudun kilomita 200 a awa. Abin mamaki, ba ka jin faɗuwa kake, ji kake iska ta tallafe ka tana marin kumatunka. Na buɗe baki zan yi salati, iska ta cika shi. Can sai na ji an fizge ni sama, laima ta buɗe, duniya ta yi tsit. Ga tsibirin nan da suka gina da siffar bishiyar dabino a ƙarƙashin takalmina, motoci kamar kiyashi. Wajen minti biyar muna lilo kafin ƙwararren ya ce in ɗaga ƙafafu, muka sauka a kan ciyawa.

Da Babbar Sallah na tafi Jos, ko hutawa ban yi ba na wuce zauren Baffa na miƙa masa waya. Mutumin da sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi, zuwa Hajji, kuma abokan tafiyarsa sun shaida ido rufe ya je ya dawo. Ya kalla sau biyu.

"Wannan na bayanka fa, wane ne?"

Na ce, "Mai koyarwa ne, Baffa."

Ya miƙo min wayata. "Ashe ko a can ma riƙe ka aka yi, Ɗan Hajiya."

Da na ba shi labarin Alhaji Ƙarami kuwa, cewa ya yi duk cikinmu shi kaɗai ne mai hankali, in gaishe shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma shagon Wuse, da yaron da ya gudu da cinikin kwana uku.