Gaba Ma Koyonta Ake Yi

Ƙannena, akwai cutar da ba ta barin tabo a jiki: a daina kula mutum, a yaɗa gulmarsa, a buɗe sabon zaure a WhatsApp kowa na ciki ban da shi, ko a ce wa ƙawa, "In kika sake yi mata magana, ni da ke shi ke nan." Tun 1995 masana halayyar yara biyu a Amurka, Nicki Crick da Jennifer Grotpeter, suka nuna cewa wannan zalunci ne mai zaman kansa. Kuma ba halin 'yan mata kaɗai ba ne, samari ma suna yi sosai.

Sau da yawa a gida ake fara ganinsa. Yaro ya yi laifi, sai a ɗaure masa fuska. Ya gaida mahaifiyarsa ta ƙi amsawa, a ajiye masa abinci ko kallonsa ba a yi ba, daga baya a bi shi da gorin wahalar da aka sha a kansa. Ba a faɗa masa laifinsa ba balle ya gyara. Abin da ya ɗauka shi ne ƙauna aba ce da ake janyewa don a tanƙwara mutum, gobe kuwa a kan abokinsa zai gwada. Ba don ku raina iyayenku na faɗi haka ba, yawancinsu su ma haka aka yi musu.

Sai abin kallo. Duka a fim kowa ya san laifi ne, amma makirci ana nuna shi kamar wayo, kuma mai yin sa ita ce kyakkyawar da kowa ke bi. Wata mai bincike a Amurka, Sarah Coyne, ta bibiyi matasa na tsawon shekara 3, ta wallafa a 2016 cewa waɗanda suka fi kallon irin wannan a talabijin sun fi aikata shi daga baya.

To idan wani ya ɓata muku rai, ku same shi shi kaɗai, ku faɗi abin da ya yi da yadda kuka ji. Kai ƙara wajen mutum na uku shi ke lalata komai, don magana takan ƙaru a hanya. Hoton hirar wani ya shigo wayarku, ya tsaya a nan. Aka fara yi da wanda ba ya nan, mutum ɗaya ya ce "a bari sai ya zo" yakan sanyaya zancen.

In kuma ku aka ware, kada ku mayar da martani a cikin zauren, abin da ake jira ke nan, kada kuma ku buɗe naku don ramuwa. Ku adana saƙonnin da ranakunsu, ku nuna wa babban da kuka yarda da shi, ku roƙe shi ya saurare ku kafin ya tunkari kowa.