Abin da ya sa waldar agon take da tsada a shagonmu

Jiya wani manomin shinkafa daga Argungu ya kawo mani kan injin ban ruwa na alminiyam ya tsage, na faɗa mashi kuɗi ya ce haba Malam, ai can bakin kasuwa rabin haka za a yi mani. Na ce to Alhaji juya ka gani, wannan tabon ai nasu ne, duk ƙananan ramuka kamar gidan zuma, shi ya sa ya sake yoyo.

Alminiyam ba baƙin ƙarfe ba ne. Shi kanshi yana narkewa a digiri 660, amma da iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata a sama wadda sai zafi ya haura 2000 take narkewa. Ƙanena da ke karatu a poli nan Birnin Kebbi shi ya warware mani dalili, abin da hannuna ya sani shekara da shekaru amma kaina bai sani ba. Iskar da muke shaƙa kashi 78 naitirojin ce, 21 oksijin, kuma duk biyun atam ɗinsu, wato 'yan ƙwayoyin da suka haɗa su, bibbiyu suke tafiya a manne, da sun ji wuta oksijin ɗin nan sai ta rabu ta kama ƙarfen. Agon kuwa, gas ɗin da muke hura wa wurin walda, atam ɗaya ne tilo, a ƙoshe yake, baya haɗuwa da komai, ga shi ya fi iska nauyi, sai ya kwanta kan narkakken wurin ya rufe shi ruf. Bai ma kai kashi 1 cikin iska ba, sai an tace shi a kamfani, to ina araha?

Ina yaro wurin maigidana, Allah ya jiƙanshi, da kabaid da silindar oksijin muka fara, ranar da na kai hannu duk baƙin mai kan regileta ya buge hannun har yau ina jin zafin, ya ce mai da oksijin wuta ce ba ashana. Wata shida ina goge ƙarfe da buroshi kafin ya bari na riƙe toci.

Abin da ke ci mani rai masu kawo silindar agon ne, ka biya cikakkiya ka ɗaura geji ka tarar ba ta cika ba. Yanzu gabansu nike gwadawa kafin in sauke. Alhajin dai ya bar injin, da la'asar muka zuba ruwa ko ɗigo babu.