Gyada ce fa: wata 14 a shagon Chacha

Ranar Lahadin da ta wuce na miƙa makullin ƙofar baya, na karɓi ragowar kuɗina. Waɗanda muke tare a Bradford sun san shagon, ba sai na kama suna ba: tebur biyu, kujera biyar, gilashin da ake jera samosa da fakora, sai takardar shaidar halal manne a taga. Da yawanku ni na zuba muku biriyani, wasunku har da ƙarin cinyar da ba ta cikin lissafi. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ci ne ya fara kai ni wurin. Satina na farko a garin, sanyi ya dake ni, burodin kanti ya gundure ni, ƙamshi ya ja ni ciki. Na leƙa na ga dattijo yana manna ƙullu a bangon tanderu da hannu, yadda matan Jakara ke yi wa gurasa. Su tandur suke cewa, mu tanderu, wutar dai ɗaya ce. Amma kafin in sa komai a baki sai da na tsare mai shagon da tambaya: wa ya yanka naman, da hannu ne ko da inji, an sumar da kazar kafin yanka ko ba a sumar ba? Ya amsa, na sake tambaya. Ya yi dariya ya nuna mini takardar taga. Bayan wata biyu ina bayan kanta, ina cike awa 20 ɗin da bizar ɗalibi ta yarda da su a mako lokacin karatu. Mai shagon Chacha muke ce masa, wato baffa. Shi kuma in ransa fari ne ya ce mini beta, wato ɗana, in ya ɓaci ya ce Najeriya.

Daren wata Juma'a ne cikin Nuwamba. Ana ruwa, waya ba ta hutawa, masu babur sun cika ƙofa suna jiran oda. Wata Baturiya ta kira tana son miyar korma ta kaza ga ɗanta mai shekara tara. Ta ce jikinsa ba ya karɓar gyada, akwai gyada a ciki? Na ce babu, da garin badam ake yi, wato almon. Ta ce in tabbatar mata. Na ce na tabbatar. Abin da aka koya mini ke nan tun ranar farko: kirim, kwakwa, garin badam. Daga inda nake tsaye zuwa sito taku goma ne, zuwa wurin Ustad mai girki bai ma kai haka ba, labule kawai zan ɗaga. Ban ɗaga ba.

Ashe sati uku kafin nan ɗan ƙanen Chacha, wanda ke yi mana sayayya, ya canja gari. Badam ya yi tsada, ya samo wani gauraye mai araha da gyada a ciki, ya juye a tsohon bokiti. Ragowar ledojin suna sito, an rubuta abin da ke cikinsu ɓaro-ɓaro. Ustad ya sani, hancinsa ya gaya masa tun ranar da aka buɗe, ya yi magana aka ce ya ji da tukunyarsa.

Ba a yi awa guda ba wayar ta sake kukawa. Uban yaron ne, daga cikin motar asibiti. Leɓen yaron ya kumbura, maƙogwaro ya fara toshewa, uwar ta caka masa allurar nan ta gaggawa mai kama da biro a cinya, ita ce ta riƙe shi har ma'aikatan lafiya suka iso. Ya kwana a asibiti, ya tashi. Ni dai ban runtsa ba a daren, kuma har yau in waya ta yi irin wancan kukan sai gabana ya faɗi.

Ga abin da ban faɗa wa kowa a shagon ba. Gaggawa ta taimaka, amma ba ita ce ta hana ni ɗaga labulen ba. Raini ne. Ni ɗan Kano ne, da ƙuli-ƙuli aka yaye ni. Kunun gyada a azumi, miyar taushe, garin da ake baɗa wa tsire, man da ake tuya da shi, kakannina ma a dalar gyada suka yi dako. Borin jini da na sani ƙaiƙayi ne da ƙuraje, a sha magani a kwanta. Lokacin da matar ke maimaita tambayarta, abin da ke raina shi ne: tsirfar Turawa, gyada ce fa. Ni ɗin nan da na tsare dattijo sau biyu a kan yankan kaza. Da wani ya ba ni alade ya ce rago ne saboda ƙyuyar taku goma, da har yanzu ina ba da labarinsa a majalisa. Ni ɓacin rai zan yi in yi istigfari in wuce. Ɗanta numfashi ya kusa rasawa.

Kuma ba za a ce ba a sani ba. Dokar ƙasar ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya iya faɗa wa mai saye ko suna cikin girkinsa, gyada na ciki, da madara, ƙwai, riɗi, kifi da sauransu. A 2016 kotu ta ɗaure wani mai gidajen abincin Indiya a arewacin Yorkshire shekara shida, bayan wani mutum ya mutu a 2014 daga cin miyar da ya yi oda ya ce kar a sa masa gyada. Dalilin iri ɗaya da namu sak: an maye garin badam da mai araha. Babu mai wannan sana'a a yankin da bai ji labarin ba. Chacha da kansa ya taɓa ba mu shi muna cin abincin dare, yana girgiza kai.

Washegari ya tara mu kafin a buɗe. Bai dubi ɗan ƙanensa ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Wa ya ɗauki wayar?" Na ce ni ne, Chacha. Ya ce to magana ta ƙare. Da kowa ya watse ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, beta ya dawo: in jami'an ƙaramar hukuma suka zo, in ce matar ba ta ambaci gyada ba, hayaniya ta yi yawa, ban ji ba. Ya tuna mini mu 'yan'uwa ne Musulmi, shagon nan baki nawa yake ciyarwa, ni kuma baƙo ne mai biza.

Sun zo ranar Talata, mace da namiji. Na faɗa musu ta tambaya sau biyu, na ce babu, ban duba ba. Suka tambayi garin, na nuna musu sito. Iyakar abin da na yi ke nan, ba jarumta ba ce, ƙafafuna rawa suke. Iyayen yaron ba su kai ƙara ba. Aka rubuta wa shagon gargaɗi, aka manna sabon jadawali a bango, garin badam na gaske ya dawo. Ni kuma awannina suka sauka daga 20 zuwa 8, aka ɗauke ni daga waya aka mayar da ni wankin tukwane, suna ya koma Najeriya har ranar da na tafi. Ɗan ƙanen ya yi sati biyu a shagon wani danginsu a Leeds ya dawo kan kujerarsa. Laifi tudu ne, na sani, nawa na hau kuma ban musa ba. Amma mutum biyu suka yi abin, ɗaya ya biya.

Ustad ne ya riƙe ni a watannin nan. Mutumin Mirpur ne, kamar yawancin 'yan Pakistan na garin. Mahaifinsa ya zo Ingila bayan madatsar ruwa ta Mangla ta cinye ƙauyensu a shekarun 1960, ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙun ulu. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Sai dai duk Lahadi in tarar da kwanon nihari, wato farfesun nama, a rufe kusa da wurin wanki, da ɓargon a sama, wanda ko masu saye ba a cika ba su ba.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Ka riƙa rubuta awanninka da kanka, ka nemi a biya ka ta banki da takardar albashi, don sallama da gaisuwar Juma'a ba su zama shaida ranar rigima. Ka cire agogo kafin ka zura hannu a tanderu. In ci ka zo yi, bar jan miyar nan mai zaƙi da ake yi wa Turawa, ka nemi miyar nama ta karahi mai ƙashi ko dal, miyar wake, da ma'aikata ke ci da gurasar roti bayan an rufe. Yaron Katsina da ya gaje ni a kan wayar kuwa, ranarsa ta farko sito na fara kai shi, na sa ya karanta kowace leda da ƙarfi kamar ɗan allo.

Jiya da daddare yunwa ta sake bi da ni ta layin. Na shiga a matsayin mai saye. Ɗan ƙanen ne a kanta, Chacha yana lissafi a kusurwa bai ɗago ba. Na ce korma nake so, amma akwai gyada a ciki? Ya dube ni, na dube shi. Ya ajiye biro ya nufi sito.