Yadda na gina manhajar saiti mai sauraron na'urar kiɗa

Yawancin na'urorin da ake jona wa kwamfuta domin sarrafa manhajar kiɗa, daga ƙaramin fiyano irin Akai MPK mini zuwa Korg nanoKONTROL2 da teburan DJ, da yare guda suke magana, wato MIDI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1983 bayan haɗin gwiwar Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland. Saƙon da maɓalli ke aikawa gajere ne ƙwarai: tasha ɗaya cikin 16, lambar maɓallin, sai adadi tsakanin 0 da 127. Babu inda saƙon ya nuna ko daga abin murɗawa ya fito ko daga abin turawa sama da ƙasa, balle ya faɗi aikin da mai na'urar yake so ya yi da shi. Wannan giɓi ne na so in cike lokacin da na fara rubuta ƙaramar manhajar saiti domin masu haɗa sauti da nake aiki da su a Kano, mutanen da suka san kiɗa ciki da waje, amma ba su da lokacin zaman duba jadawalin lambobi.

Tun farko na yanke shawarar cewa tambaya za ta fara daga aikin da ake so. Manhajar tana cewa, "Taɓa abin da kake so ya riƙa ƙara sauti," mutum ya taɓa, ita kuma ta kama lambar da kanta. Manhajojin kiɗa irin su Ableton Live da FL Studio da Mixxx duk suna da irin wannan hanya ta koyo, saboda haka ban ƙirƙiri sabon abu ba. Abin da na ƙara shi ne haƙuri: manhajata ba ta yanke hukunci da saƙon farko, sai ta saurari jerin saƙonni ta gane halin maɓallin.

Inda haƙurin ya fi amfani shi ne maɓallan murɗawa marasa iyaka, waɗanda suke juyawa ba tare da tsayawa ba. Da yawa daga cikinsu ba sa faɗin inda suke, sai dai su ce "ƙara" ko "rage", kuma kamfanoni ba su haɗu a kan hanya guda ta faɗin haka ba. Wani yana aika 1 idan an murɗa dama, 127 idan an murɗa hagu. Wani 65 da 63. Wani kuma 1 da 65. Na ga abin da ke faruwa idan aka ɗauki irin na farko a matsayin maɓalli mai iyaka: wani mai haɗa sauti, da abin sauraro a kunnensa, ya murɗa hagu kaɗan domin ya sassauta ganga, manhajar kiɗan ta karanta 127, sautin ya tsallake zuwa ƙarshensa, ya fizge abin daga kansa yana salati. Yanzu manhajata tana roƙon mutum ya murɗa dama a hankali, sannan hagu, kuma daga lambobin da suka zo take tantance tsarin ba tare da ta ambaci sunansa ba. Haka take yi wa na'urorin da ke aika saƙo biyu a tare domin samun matakai 16,384 maimakon 128, kamar abin daidaita saurin waƙa a wasu teburan DJ. Idan ta ga lambobin maɓalli da ke cikin saƙonnin biyu suna da tazarar 32, sai ta haɗe su.

Akwai abin da sauraro ba ya warwarewa. Ko maɓalli ya yi aiki muddin an danne shi, ko ya kunna da dannawa ɗaya ya kashe da ta biyu, zaɓin mai shi ne, don haka ake tambayarsa kai tsaye, ya gwada duka biyun nan take.

Wata matsalar kuma tana tasowa idan abin turawa yana ƙasa a na'ura alhali a manhaja yana sama. Maganin da aka saba shi ne a yi biris da motsinsa har sai ya riski adadin da ke cikin manhaja, domin kada sauti ya yi tsalle. Dabara ce mai kyau, sai dai wanda bai san da ita ba yakan ɗauka na'urarsa ta lalace, kuma na ga wanda ya zare waya ya sake jonawa saboda haka. Na sa kibiya a fuskar kwamfuta mai nuna inda za a tura, kuma tana ɓacewa da zarar biyun sun haɗu. Na kuma sa a riƙa adana kowane saiti da an kammala shi, domin ɗauke wuta a tsakiyar aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A 2020 aka amince da MIDI 2.0, wanda ya ba na'ura damar bayyana kanta ga manhaja. Amma abin da masu situdiyo ke kawo mini har yanzu tsofaffin na'urori ne, yawanci na hannu, waɗanda adadi tsakanin 0 da 127 kawai suka iya aikawa, kuma a kansu nake gwada kowane gyara kafin in raba shi.