Koyar da ɗalibai yadda ake neman dabara daga wurin jama'a

Abu mafi wuya a darasin da nake koyarwa a jami'a kan neman sababbin dabaru daga wurin jama'a shi ne shawo kan ɗalibai su yarda cewa nauyin aikin yana kan tambayar da za su yi, tun kafin a kai ga tara mutane. Yawancinsu suna zuwa ne da zaton cewa da zarar an buɗe shafi a intanet an sa kyauta, shawarwari masu amfani za su yi ta kwararowa.

Saboda haka nakan fara da tarihi. A shekarar 1714 majalisar dokokin Birtaniya ta yi alkawarin ladan da ya kai fam 20,000 ga duk wanda ya samo hanyar da jirgin ruwa zai san nisan da ya yi gabas ko yamma a tsakiyar teku. Dokar ta fayyace iyakar kuskuren da za a lamunta, wato rabin digiri a ma'aunin taswira ga mai son cikakken lada, ta kuma ce sai an gwada dabarar a tafiyar teku ta gaske. Wanda ya fi kowa yin fice a kan lamarin shi ne John Harrison, kafinta mai ƙera agogo, alhali masana da yawa sun zuba ido ne ga ilimin taurari. Majalisar ta faɗi sakamakon da take so da yadda za a auna shi, sannan ta bar hanya a buɗe, abin da ya ba mutum irin Harrison damar shiga ke nan.

Gasar kamfanin finafinai na Netflix kuwa tana nuna inda ma'auni mai kyau yake gazawa. A 2006 kamfanin ya sa dala miliyan 1 ga wanda zai inganta manhajarsa ta hasashen finafinan da mai kallo zai so da kashi 10 cikin 100. An ci gasar a 2009, amma kamfanin bai yi amfani da cikakkiyar dabarar da ta yi nasara ba, domin ɗawainiyar aiwatar da ita ta fi ribarta. A 2010 kuma ya soke gasa ta biyu, bayan masu bincike sun nuna cewa ana iya gano wasu masu kallo daga bayanan da aka saki duk da an cire sunayensu.

Daga nan kowane rukunin ɗalibai yakan rubuta nasa kiran, wato tambayar da zai gabatar wa jama'a, kuma kusan kullum rubutun farko yakan fito kamar haka: ta yaya za a inganta ɗakin karatu? Ba na gyara musu. Nakan sa su miƙa takardar ga wasu ɗalibai ƙalilan da ba su san aikin ba, su zauna gefe su yi shiru, ba bayani ba ƙarin haske. Wannan shirun yana yi musu wahala ƙwarai; za ka ga ɗalibi ya buɗe baki zai fassara abin da yake nufi, sai ɗan'uwansa ya taɓa shi. Amsoshin da ke dawowa galibi koke-koke ne kan zafi da ƙarancin kujeru, babu dabara ko ɗaya a ciki. A zagaye na biyu tambayar takan koma ƙarama: ta yaya ɗalibi zai san akwai kujerar da babu kowa kafin ya taso, ba tare da an sayi sabuwar na'ura ba?

A ganina, wajen tantance amsoshi ne ɗalibai suka fi sakaci. Kafin in amince su fitar da kira, dole su rubuta wanda zai karanta shawarwarin, da ma'aunin da zai yi amfani da shi, da wanda zai mallaki dabarar da ta ci, da abin da za a gaya wa waɗanda ba a zaɓa ba. Makin da nake bayarwa ma bai rataya ga yawan mahalarta ba. Nakan ajiye kiran farko kusa da na ƙarshe, in nemi rukunin ya nuna mini, sauyi bayan sauyi, wace amsa ce daga gwajin ta sa suka canza kowace jimla.