Ikon Allah da Iyawar Mutum a Batun Ceto: Inda Ainihin Saɓanin Yake

Tun ƙarni na biyar Kiristoci suke muhawara a kan tambaya guda: idan mai zunubi ya tuba ya ba da gaskiya ga Almasihu, wa ya fara aikin, Allah ne ko kuwa shi mutumin? Ra'ayina shi ne, yawancin masu ɗaga jijiyar wuya a kan wannan batu a yau suna shata iyakar a inda ba nan take ba. Sukan raba jama'a gida biyu, mabiya Jon Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran Ikilisiya, da mabiya Yakubu Arminiyus, malamin tauhidi na ƙasar Holan, alhali tsagar da ta fi zurfi ta girmi mutanen nan biyu da fiye da shekara dubu.

Felagiyus mutumin Birtaniya ne mai tsantseni da kamun kai, wanda ya zauna a Roma wajen shekara ta 400, ya kuma ga yadda masu kiran kansu Kiristoci suke rayuwar sakaci suna fakewa da raunin ɗan Adam. Abin ya dame shi, kuma damuwarsa tana da dalili. Da ya ji wata addu'ar Agustin, bishop na Hifo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, inda yake roƙon Allah ya ba shi abin da ya umarta sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama, sai ya ga kamar ana sauke wa mutum nauyin da ke kansa ne. A ganinsa Allah mai adalci ba zai umarci abin da ba za a iya ba, saboda haka kowa yana da ikon yin biyayya da kansa, zunubin Adamu kuma mugun gurbi ne kawai da zuriyarsa suka bi. Agustin ya amsa cewa zunubi ya shiga har cikin nufin mutum ya karkatar da shi, ta yadda mutum yana zaɓar abin da yake so ba tare da an tilasta shi ba, amma abin da yake so ɗin ne ya lalace, kuma ba ya iya gyara son zuciyarsa da wannan zuciyar da ta lalace. Majalisar shugabannin Ikilisiya da ta zauna a Kartej a 418 ta ƙi koyarwar Felagiyus, ta Afisa ma ta yi haka a 431.

Majalisar da na fi ganin ya kamata ɗaliban makarantun tauhidi su sani ita ce ta Oranj, a kudancin Faransa, a shekarar 529. Ta ce farkon bangaskiya, har ma da marmarin ba da gaskiya, baiwa ce ta alheri, kuma alherin ne yake sa mu roƙi alheri. Duk da haka ta yi Allah wadai da duk wanda ya ce Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Ta riƙe abubuwan nan biyu tare, ba ta yi ƙoƙarin bayyana abin da Nassi bai bayyana ba.

A zamanin gyaran Ikilisiya maganar ta sake tashi. Irasmus, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya yi rubutu yana kare 'yancin nufin mutum a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani mai zafi a 1525 cewa nufin mutum a ɗaure yake. Amma rikicin da ya bar mana sunayen da muke jifan juna da su a ƙasar Holan ya faru. Yakubu Arminiyus, malamin tauhidi a jami'ar Laiden, ya rasu a 1609, a shekara ta gaba kuma almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar ƙorafi mai batutuwa biyar. Majalisar Dort, wadda ta tsaya a kan koyarwar Kalbin, ta zauna daga 1618 zuwa 1619 ta ƙi su, aka tuɓe fastocinsu da yawa, kuma da yake siyasa ta cuɗanya da lamarin, an fille kan dattijon ɗan siyasar nan Oldenbarnevelt da ya goya musu baya. Abin baƙin ciki ne a ce gardama a kan alheri ta kai ga zubar da jini.

Wanda ya karanta takardun ɓangarorin biyu da natsuwa zai yi mamakin yawan abin da suka yarda da shi tare. Almajiran Arminiyus sun faɗa a fili cewa mutum ba shi da bangaskiyar ceto daga kansa ko daga ƙarfin nufinsa, dole ne a sake haifarsa ta wurin Ruhu Mai Tsarki, alheri kuma shi ne farko da ci gaba da cikar kowane abin kirki. Abin da suka ƙara shi ne, mutum yana iya bijire wa wannan alheri. Su kuma dattawan Dort, waɗanda ake zargi da mai da mutum gunki, sun rubuta cewa alheri ba ya aiki a cikin mutane kamar a kan itace ko dutse, ba ya kawar da nufinsu, sai dai ya rayar da shi ya warkar da shi, sun kuma ce a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai ba tare da bambanci ba.

A ɗauki misalin mutumin da ya faɗa rijiya. Felagiyus yana cewa akwai matakai a jikin rijiyar, an kuma nuna masa su, sai ya hau. Arminiyus yana cewa mutumin ya karye ba ya iya motsi, sai an zura masa igiya an kuma ba hannunsa ƙarfin riƙewa, ko da yake yana iya sakinta. Dort tana cewa mutumin a some yake, sai mai ceto ya sauka ya farfaɗo da shi, kuma wanda aka farfaɗo da shi haka zai riƙe mai cetonsa da yardar ransa. Saɓanin na biyu da na uku na gaske ne, ba na raina shi, domin ya shafi dalilin da ya sa wani ya tsira wani bai tsira ba. Amma dukansu biyu sun yarda cewa daga sama taimako yake zuwa. Jon Wesli, uban Metodis da ya karkata ga Arminiyus, da abokin wa'azinsa Joj Witfild, mabiyin Kalbin, sun rabu a kan wannan batu wajen 1740 a Ingila, suka yi wa juna rubuce-rubuce masu kaifi, amma da Witfild ya rasu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan.

Mu ma a arewacin Najeriya mun gaji dukan waɗannan rassa. Ikilisiyar CRCN mai hedkwata a Takum ta fito daga zuriyar da ke riƙe da hukunce-hukuncen Dort, 'yan Metodis na yankin Muri sun gaji Wesli, 'yan Ikilisiyar LCCN na Numan kuma sun gaji Luta, kuma ɗalibansu sun daɗe suna zama aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru. Abin da yake tayar mini da hankali shi ne, wanda yake samun gindin zama a bagadanmu yanzu Felagiyus ne, ko da ba a san sunansa ba. Idan mai wa'azi ya ce tagomashin Allah yana jiran adadin kwanakin azuminka, ko kaurin ambulan ɗin baikonka, ko ƙarfin muryarka a addu'ar dare, ya koma ga koyarwar da Arminiyus da Kalbin za su haɗu su ƙi. Irin wannan wa'azi yana haifar da masu girman kai da suke ganin sun biya, da kuma masu karayar zuciya da suke ganin ba za su taɓa iya biya ba, alhali Afisawa 2:8-9 ta ce ceto baiwar Allah ce, ba ta ayyuka ba, domin kada kowa ya yi fariya.

Ku saurari uwa a taron zumuntar mata tana addu'a domin ɗanta da shaye-shaye ya ɗauke. Tana durƙushe, gefen zanenta a hannu tana share hawaye, tana cewa, "Ya Uba, ka taɓa zuciyarsa, ka juyo da shi." Tana roƙon Allah ya shiga cikin nufin yaron ya yi abin da nasiharta ta kasa yi. Da ta koma gida kuwa za ta zaunar da shi ta ce, "Ɗana, ka tuba, ka bar hanyar nan," tana magana da shi a matsayin wanda zai amsa da kansa, wanda kuma za a tambaye shi. Ba ta ganin wani karo tsakanin addu'arta da nasiharta, kuma Manzo Bulus ma bai gani ba sa'ad da ya gaya wa Filibiyawa su yi aikin cetonsu da tsoro da rawar jiki, domin Allah ne yake aiki a cikinsu, su yi nufi su kuma aikata.

A nawa ɓangaren na fi karkata ga Agustin, domin ban ga yadda zuciyar da ba ta son Allah za ta haifi son Allah da kanta ba, Yesu kuma ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Sai dai ba na yarda a yi amfani da wannan a rage nauyin 1 Timoti 2:4, inda aka ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, ko a mai da kukan Yesu a kan Urushalima wasan kwaikwayo, ko kuma mutum ya naɗe hannu ya ce haka Allah ya rubuta masa. Mai damuwa da yake tambayar fasto ko yana cikin zaɓaɓɓu, wato waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto, ba a aika shi ya binciki asirin da Allah bai buɗe wa kowa ba. Fasto ya buɗe masa Yahaya 6:37, inda Yesu ya ce duk wanda Uba ya ba shi zai zo, wanda ya zo kuwa ba zai kore shi ba ko kaɗan, sa'an nan ya tambaye shi ko yana so ya zo.