Tambayar da ban yi wa Inna ba

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya a Yamai aka kawo mana wata dattijuwa mai wankin ƙoda ta ciki. Irin wanda ake zuba ruwan magani kamar lita 2 ta siririn tiyo, ya zauna ya ja dattin jini, a fitar a zuba sabo. A ƙasar waje aka saka mata tiyon, ɗiyarta ke canza ruwan a gida sau 4 kullum.

Fatar kewayen tiyon ta yi ja, ga ƙaiƙayi. A makaranta babu abin da aka tsorata mu da shi kamar ƙwayar cuta ta bi tiyo ta shiga ciki, can hankalina ya tafi. Amma ruwan na fitowa garau, ba mugunya, ba zazzaɓi. Na wanke wurin, na rufe, na sallame ta. Da ta dawo abin ya ƙaru, har da atishawa da hawaye. Duk wannan da safar hannu ta roba nake taɓa ta.

Babbarmu ce ta ja kujera ta zauna. "Inna, in kin ci ayaba bakinki na ƙaiƙayi?"

"Ɗiyata, ai na daɗe da barinta."

Nan jikina ya yi sanyi. Robar lateks, wadda ake yin safar hannu da ita, ƙaron wani itace ce, kuma sinadaran cikinta sun yi kama da na ayaba, har da gwanda. Mai yawan haɗuwa da robar, kamar wanda ya sha tiyata ko mu ma'aikatan asibiti, jikinsa kan fara ƙin ta. Borin jini ne da farko, wata rana numfashi ya sarƙe sai an yi allurar adiranalin. Tiyon Inna na silikon ne, ba lateks ba, ba shi da laifi. Safar lateks da ɗiyarta ke sakawa ce, mai hoda, sau 120 a wata. Hodar na ɗaukar sinadarin ta tashi a iska a shaƙa. Amurka ta haramta irin wannan safar tun 2017.

Likita ya duba ta, muka koma safar nitiril wadda ba ta da lateks, aka rubuta da jan biro a katinta. Na nemi gafararta, ta ce ba komai. Kafin su tafi na zaunar da ɗiyar, na nuna mata inda ake duba sunan robar a jikin kwali.